Labarin Ƙasa Ba Ya Ƙarewa A Kan Allo: A Fito Da Yara Fili

  

Yau makaranta za mu koma. Darasi ɗaya zan ɗauka, labarin ƙasa, wanda ƙannenmu suka fi sani da jogirafi. A cikinsa ma ɓangare ɗaya zan tsaya a kai, wato fita fili. Malami ya fito da ɗalibai daga aji, su ga abu da idonsu, su auna, su ƙirga, su tambayi mutane, su rubuta, sannan su dawo su yi bayanin abin da suka gano. Na san wani zai ce, "Duk matsalolin da suka dabaibaye Arewa, wannan ce ta dame ka?" Ɗan'uwa, ɗan yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe. Matsayata ita ce, wannan fitar rabin darasin ce, mun bar ta ta mutu a yawancin makarantunmu, kuma tayar da ita ba ya bukatar bas ko miliyoyin naira.

Bari mu fara raba wasu abubuwa biyu da muke cakuɗawa. Eskoshan daban, aikin fili daban. Eskoshan kowa ya san shi. Lokacin da muke sakandare an taɓa karɓar kuɗinmu, aka ɗauko mota aka kai mu madatsar ruwa ta Tiga. Mun yi waƙa a hanya, mun ci shinkafa, mun ɗauki hoto, mun dawo gida a gajiye. Ba wanda ya ce mana ga tambayar da za ku amso. Ba wanda ya gaya mana cewa a 1974 aka kammala dam ɗin a kan Kogin Kano, ko cewa ruwan da aka tare a nan shi yake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, ko cewa tare shi ɗin ya rage ruwan da ke malala a dausayin Haɗeja da Nguru, inda masunta da manoma da makiyaya suka dogara da shi. Ga darasi guda a gabanmu shimfiɗe, mu kuwa kallon ruwa kawai muka yi.

Shi aikin fili da tambaya yake farawa. Me ya sa layin bayan makarantarmu yake cika da ruwa duk Agusta, amma layin gaba ba ya cika? Daga ina tumatur ɗin kasuwar unguwarmu yake zuwa, kuma hannu nawa yake bi kafin ya iso? Kwarin nan da zaizayar ƙasa ta haƙa a gefen gari, taku nawa yake ci a damina ɗaya? Idan akwai tambaya, ko nan da bakin titi kuka je kun yi aikin fili. Idan babu tambaya, ko Yankari aka kai ku yawon buɗe ido kuka yi. Yawon ba laifi ba ne, amma kada a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Abin da zai ba ku mamaki, wannan aikin yana nan rubuce a cikin manhajar WAEC ta labarin ƙasa. An ce ɗalibi ya yi bincike a yankinsu, an ma jero misalai: yadda ake amfani da fili a gari ko a ƙauye, binciken kasuwa, zirga-zirgar ababen hawa, yadda mutane ke tafiya wurin aiki, da saurin zaizayar ƙasa. Makin kuma an bar wa makaranta ta bayar a cikin gwaje-gwajenta, wanda muke kira C.A. To a nan gizo yake saƙar. Tunda ba mai zuwa daga waje ya duba, a makarantu da yawa sai a cike gurbin makin da wani gwajin na cikin aji, a wuce wurin. Ku da kuka yi jogirafi har SS3, ku tambayi kanku tsakani da Allah, sau nawa aka fitar da ku da tef ɗin awo a hannu?

Sakamakon shi ne muke gani. Yaro zai zana maka yadda kogi yake lanƙwasa har ya yanke wani tafki a gefe, ya ci maki goma bisa goma, amma bai taɓa tsayawa a gaɓar kogi ya ga cewa gefen waje na lanƙwasar ne ruwa yake ci, gefen ciki kuma yashi yake tarawa ba. Zai haddace cewa a taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 kilomita ɗaya ke nan, amma ka ce ya zana hanyar gidansu zuwa makaranta ya nuna ina ne arewa, sai ya tsaya yana kallonka. Layukan nan masu zagaye da ke nuna tudu da gangare, a wurinsa zane ne kawai. Alhali da an hau da shi Dutsen Dala sau ɗaya da takardar a hannu, ƙafafunsa da numfashinsa za su gaya masa abin da ake nufi idan layuka suka matsu da juna.

Wani zai ce ai wannan salon Turawa ne. A'a. Ku tuna fataken da ke tafiya Gwanja sayo goro, har Salaga ta ƙasar Gana a yau. Madugu ba shi da taswirar takarda, amma ya san kowane zango, ya san ina rijiya take, wane kogi ake haye shi a wane wata, ina ne ake biyan fito. Yaran da ke binsa a hanya suke koyo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi bayanin ƙasashen wannan yanki da mutanensu a littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma lokacin da Baturen Ingila Clapperton ya je Sakkwato a 1824, ya koma da taswirar da aka zana masa a fadar Bello, mai nuna Kogin Kwara da garuruwa. Shi kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 sai da ya zaga unguwanni, ya zana taswirar birnin, ya kiyasta mazauna kusan 30,000. A shekarun 1960, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga baya kuma a Bayero, ya shiga ƙauyukan kewayen Kano gona-gona yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke noma wuri ɗaya shekara da shekaru ƙasar ba ta mutu ba. Amsar a bakin manoma ya same ta, da jakunan da ke ɗauko taki daga birni. Duk wanda ya san wani abu na gaske game da ƙasar nan, da ƙafa ya taka ta.

Har manomin ƙauyenku malamin labarin ƙasa ne. Ya san bambancin jigawa da fadama, ya san fako, ya san jangargari, ya san inda laka take riƙe ruwa da inda rairayi yake shanye shi. Sunayen unguwanninmu ma taswira ce. Kurna da Ɗorayi sunayen itatuwa ne. Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo suna gaya maka akwai ruwa a wurin. Tudun Wada kuwa sunan ya faɗi kansa. Ka tura yara su tambayi dattawan unguwa, ina itatuwan suka tafi, ina rijiyar take yanzu, zurfinta gaba nawa ne a da, gaba nawa ne yau. Sun fara binciken sauyin muhalli ke nan ba tare da sun kashe ko sisi ba.

To, me ya sa na ce akwai abin da za mu rasa idan muka bar wannan? Bari mu yi wani ɗan lissafi tare, ku riƙe shi. Idan aka ce an yi ruwan sama milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ɗauki rufin kwano mai mita 10 sau 10. Aka yi ruwa milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba wani abin mamaki ba ne a watan Agusta. Rufin nan kaɗai ya zubo lita 3,000. Jarka 120 ke nan mai cin lita 25, wato kurar ɗan garuwa goma idan kowace tana ɗaukar jarka 12. Gida ɗaya fa. Yanzu ka ƙirga gidajen layinku, ka haɗa da tsakar gidan da aka malale da siminti, da harabar da aka sa wa intalok, da kwalta. A da ƙasa tana shan wani kaso, saura ya gangara kududdufi. Kududdufan nan ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina. Yau an cike da yawansu da shara an yanka filaye an gina. Ruwan bai san an sayar da wurin ba. Inda ya saba zuwa nan zai zo, ko da ɗakin wani ne a wurin yanzu.

Yaron da ya kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a filin makaranta, yana auna ruwan da ya taru da rula kowace safiya, ya yi wannan lissafin da hannunsa, ya bi lambatun unguwarsu ya ga inda leda ta toshe shi, wallahi ba zai ƙara kallon ambaliya yadda yake kallonta a da ba. Gobe idan ya tashi sayen fili zai duba gangare kafin ya duba farashi. Idan ya zama kansila ko injiniya ko mai unguwa, ya san abin da cike kududdufi yake jawowa. Mun ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin, bayan irin haka ta taɓa faruwa a 1994. Mun ga Mokwa a Mayun 2025. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba ina cewa darasin sakandare zai hana dam fashewa ba ne, wannan nauyin hukuma ne. Abin da nake cewa, jama'ar da ta san ta ina ruwa yake bi a garinta ta fi saurin gane haɗari, kuma ta fi iya tsare shugabanni da tambaya tun kafin abu ya faru.

A nan ne abin ya shafe mu, mu masu fafutuka. Kullum muna cewa a yi mana aiki, a gyara mana unguwa. Amma akwai bambanci tsakanin ka je ofis ka ce "unguwarmu tana shan wahalar ruwa", da ka je da takarda ka ce "ga taswira, famfunan burtsatse kaza ne a mazaɓarmu, kaza sun lalace, ga inda suke, ga nisan da yara ke takawa". Na farko koke ne, za a ce an ji. Na biyu hujja ce, dole a amsa ta ko a ji kunya. Wannan ƙwarewar ta tattara hujja, a darasin labarin ƙasa ya kamata a fara koyar da ita.

Tarihi ya nuna ƙarfin irin wannan takardar. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe sama da mutum 600. A lokacin yawancin masana sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar ina aka yi rashi, kuma a ina suke ɗiban ruwa. Ya gano mace-macen sun taru ne a kewayen famfo ɗaya na titin Broad, aka cire hannun famfon, daga baya ya fitar da taswirar da har yau ake koyar da ita. Mu dawo gida. A yaƙin da aka yi da shan inna a Arewa, ɗaya daga cikin matsalolin ita ce akwai rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin taswirar da masu rigakafi ke riƙe da ita. Sai aka haɗa hoton tauraron ɗan'adam da mutanen da suka taka suka tabbatar da sunan kowane wuri, aka ba ma'aikata wayoyi masu GPS don a ga inda aka shiga da inda aka tsallake. A Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Wannan ma aikin fili ne, kuma rayukan yara ne a ciki.

Yanzu bari mu zo kan uzurorin, don ba na so a ce na zauna a gaban makirfo ina ɗora wa malamai laifi. Uzurorin na gaske ne.

Na farko tsaro. Bayan Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a ƙarshen 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024, wane uba ne zai sa hannu a ɗauki ɗansa a kai shi daji kallon duwatsu? Ni kaina ba zan sa wa ƙanwata hannu ba. Wane shugaban makaranta ne zai ɗauki wannan kasadar? Gaskiyarsu. Amma abin da tsaro ya hana shi ne tafiya mai nisa. Bai hana a auna ruwan sama a harabar makaranta ba. Bai hana a yanke gindin gwangwanin tumatur, a kafa shi a ƙasa, a zuba ruwa kofi ɗaya a duba minti nawa zai ɗauka ya shanye a filin ƙwallo, a ƙarƙashin bishiya, da kan hanyar da ake takawa kullum ba. Bai hana a zuba ƙasa a gorar ruwa a girgiza a ajiye, a ga yashi ya fara kwanciya, laka ta zo daga ƙarshe ba. Bai hana a kafa sanda a auna inuwarta da tsakar rana duk mako ba, yara su gani da idonsu cewa a Kano inuwar takan kusa ɓacewa sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. A inda gari yake lafiya sai a ƙara da bakin titi da kasuwar unguwa. A inda ba lafiya, a tsaya cikin katanga. Kowane wuri da gwargwadonsa.

Na biyu kuɗi. Igiya mai ƙulli a kowace mita ta isa tef. Yaro ya taka mita 20 ya ƙirga takunsa, daga ranar ƙafarsa ta zama ma'auni. Gudun ruwa a rafi ko babban lambatu, ɓawon lemo ake jefawa a duba daƙiƙa nawa zai yi ya ci mita 10, ana tsaye a gaɓa, ba mai shiga ruwa. Zaizayar ƙasa kuwa turaku ake kafawa nesa kaɗan da bakin kwari kafin damina, a auna tazarar, a dawo da kaka a sake aunawa. Kamfas da agogon ƙirga daƙiƙa suna cikin wayar malam. Abin da ya rage takarda ce da fensir.

Na uku yawan ɗalibai da ƙarancin lokaci. Malami ɗaya, aji cike maƙil, darasi minti 40. Wannan ita ce mai wuyar. Mafita ita ce a raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da aikinsa da shugabansa, wasu ayyukan kuma a ba su su yi a hanyarsu ta zuwa gida. Rukuni ɗaya ya tsaya minti 15 ya ƙirga adaidaita sahu da babura da motoci a mahaɗa da safe, wani rukunin ya ƙirga da yamma. Sannan malamin yana bukatar hannu. A nan mu muke shigowa, zan dawo kan wannan.

Na huɗu 'yan mata. Akwai iyayen da ba za su so a ga 'yarsu a bakin titi da takarda ba. A mutunta wannan, a nemi izini, a haɗa su da malama. Amma ku lura da wani abu. A unguwanninmu gidan aure ba shiga ne ga namiji baligi. Yarinya ce za ta iya shiga ta tambayi uwar gida jarka nawa suke saye a rana, da icce suke girki ko gawayi ko gas, rijiyar gidan a wane wata take ƙafewa. Rabin bayanan unguwa a cikin gidaje suke. Binciken da aka cire mata daga cikinsa rabin bincike ne.

Na biyar, kuma shi ne uwa uba, jarabawa. Malami abin da za a tambaya yake koyarwa, ɗalibi ma abin da zai fito yake karantawa. Ku dubi yadda Ingila ta yi da wannan matsalar. Tun daga 2016, ɗalibin da ke jogirafi a matakin GCSE dole ya fita aikin fili sau biyu a wurare biyu mabambanta, makaranta ta sa hannu ta tabbatar an yi, kuma a takardar jarabawa ana yi masa tambaya a kan aikin fili. A matakin gaba da wannan, kwana huɗu ake bukata a fili, sannan binciken da ɗalibi ya yi da kansa yana ɗauke da kashi 20 cikin 100 na makinsa. Ba cewa nake mu kwafo su ba, halinmu ba ɗaya ba ne. Darasin dai shi ne, abin da aka ɗaura wa maki kuma ake dubawa, shi ake yi. Da masu duba makarantu na jihohinmu za su riƙa cewa a nuna musu rahoton aikin filin 'yan SS2 kamar yadda suke neman rajista da littafin shirin darasi, da cikin zango biyu an ga canji.

Sai maganar gaba. Wasu suna cewa zamanin fita fili ya wuce, tunda ga Google Earth, ga bidiyo, ga ƙirƙirarriyar basira da za ta rubuta maka bayanin zaizayar ƙasa cikin daƙiƙa biyar. Ni ina ganin akasin haka ne. Google Earth abu ne mai kyau ƙwarai. A kwamfuta za ka iya ja baya ka ga hoton unguwarku na shekarun baya, ka ga kududdufin da ya ɓace da gonar da ta zama gidaje. Ga yaron da ba zai taɓa zuwa Tafkin Chadi ko tsaunukan Mambila ba, wannan taga ce babba. Amma hoton sama zai nuna maka tankin burtsatse, ba zai gaya maka ya shekara biyu ba ya aiki ba. Zai nuna maka rufin asibiti, ba zai ce maka babu ma'aikaci a ciki ba. Ita kuma na'urar da ke rubuta amsa, abin da mutane suka riga suka rubuta take juyawa. Zurfin rijiyar unguwarku ba wanda ya taɓa rubutawa. Sai wani ya zura guga ya auna igiya. Yayin da haddar bayani take ƙara arha, mutumin da ya iya samo sabon bayani daga ƙasa shi yake ƙara tsada.

Kuma an gwada an gani a nan Afirka. A 2009 wasu matasan Kibera, babbar unguwar talakawa a Nairobi, suka ɗauki na'urorin GPS suka zaga unguwarsu, wadda a taswirori da yawa kusan fili ce babu komai. Suka sa famfuna, makewayi, makarantu da wuraren shan magani a kan OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya ƙara wa bayani kyauta. A Darussalam ta Tanzaniya, daga 2015, shirin Ramani Huria ya haɗa ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka bi magudanan ruwa suna sa su a taswira, saboda a san inda ambaliya ke farawa. Mu kuwa, taswirorin gwamnati masu nuna tudu da kwari da ake koya mana karatu da su, da yawansu tun wajen shekarun 1960 aka zana su. Garuruwanmu sun ninka sun sake ninkawa tun daga lokacin. Wa zai zana sabuwar taswirar layinku in ba ku ba?

Akwai abinci ma a cikin abin. Safiyo, tsara birane, hasashen yanayi, aikin agaji, binciken lafiya, kamfanonin kai saƙo, duk suna neman wanda ya iya tattara bayanan wuri ya sa su a taswira. Farfesa Akin Mabogunje, wanda a Kano aka haife shi a 1931, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, kuma yana cikin waɗanda suka yi binciken yankin da aka gina Abuja. Darasin nan ba na "waɗanda suka rasa abin yi" ba ne, kamar yadda wasu ke faɗa.

To me za mu yi? Ga abin da nake roƙo, kuma kowa da nasa.

Ku 'yan'uwana da kuka karanta jogirafi ko tsara birane ko safiyo a BUK, ABU, Danfodiyo, Maiduguri, ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuna zaune kuna jiran aiki, da ku masu hidimar ƙasa: ku je tsohuwar makarantarku ku gaida malamin labarin ƙasa. Kada ku je da gadara, ku je da ladabi. Ku ce, "Malam, in za a fita da yara ranar kaza, mu uku za mu zo mu riƙe rukuni." Wannan kaɗai ya warware masa rabin matsalarsa.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kuɗin da ake kashewa a liyafar shekara, a cire kaɗan a sayi tef biyar, ma'aunin zafi biyu, a buga hoton sama na unguwar makarantar a babbar takarda a manna a aji.

Malamanmu, Allah Ya saka da alheri, mun san halin da kuke ciki. A fara da ƙarami: tambaya ɗaya a zango ɗaya. A rubuto wa iyaye takarda, a sanar da mai unguwa, malami ya fara zuwa ya duba wurin kafin ranar, a ƙirga yara a fita a ƙirga a dawowa. Kada a tura yaro bakin kwari mai zurfi ko cikin ruwa saboda maki. Idan an gama, a kira iyaye da kwamitin makaranta da kansila, yaran su tsaya su yi bayanin abin da suka gano. Ranar da uba ya ga 'yarsa tana nuna wa manya inda ruwa ke taruwa da dalilinsa, ba sai an sake roƙonsa izini ba.

Ku kuma ƙannena 'yan sakandare da ke saurare, ba sai kun jira kowa ba. A wannan makon ka ɗauki takarda ka zana layinku. Ka sa arewa a sama. Ka sa kowane famfo, kowace rijiya, kowace bola, da duk inda ruwa yake kwanciya in an yi ruwan sama. Ka tambayi wanda ya fi kowa tsufa a layin me ke wurin shekara 40 da suka wuce. Ka kai wa malaminka ka ce ya duba maka. Wanda ya yi, ya ɗauki hoton zanen ya turo mana, amma kada a sa sunan kowa ko lambar gidan kowa a jiki. Za mu zaɓi wasu mu tattauna a kansu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.

Nan za mu dakata. A tura wa malamin jogirafin da aka sani.